Dalma a Madafin Innarku

Sani da Isa, wannan babin naku ne ku biyu. Na sha ba ku labarin yadda kakanku ya shigo Dakoro da uwar maƙera a bayan jaki, da yadda na koyi riƙon awartaki tun ban fi zuga-zugi tsawo ba, kun ji har kun gaji. Amma akwai shekara guda da nake tsallakewa duk lokacin da nake ba da labari, ita ce shekarar da ƙanwarku Habsu ta daina magana, innarku kuma ta koma gidansu a Kornaka. Kun tashi kuna jin cewa ciwon Habsu daga dangin innarku ya fito. Ƙarya ce, kuma ni na bar ta ta yi girma a cikin gidana. Yanzu idona ya fara gajiya, don haka gara in rubuta muku abin yadda ya faru tun ina iyawa.

Kun san ƙira a garin nan aikin damina ne. Daga an fara ganin hadari sai manoma su cika maƙera, wannan haiwarsa ta dakushe, wancan kalmensa ya karye, kowa na so a sallame shi yau. In an gama yankan gero kuwa, maƙeri sai hamma da korar ƙuda. A irin wannan zaman banza ne Ɗan Jimma ya same ni. Maharbi ne daga wajen Bader Goula, abokina tun muna samari, mutum mai yawan dariya da ƙarancin wanka. Yana da tsohuwar bindigar toka da ya gada, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Diloli sun dame su da ɗaukar 'yan awaki, ga zabin daji na yawo a gonaki kamar masu gonar. Ya sauke wani buhu a gabana, da na buɗe sai na ga kayan cikin tsofaffin batiran mota da guntayen dalma da ya tsinto a garajoji. Ya ce ya tuna ubana yana zuba wa ubansa harsashi, ko ɗan ya gaji hannun, ko kuwa sai dai surutu? Da wannan zolayar ya kama ni. Ni mutum ne da ba a ce mini ban iya ba, kun san wannan, kun sha wuyarsa.

Mazubin harsashin babana yana nan cikin akwatinsa, na ciro shi na kankare tsatsa. Aikin ba narkarwar ba ce, ko yaro ya narka dalma. Wuyar ita ce dalmar tsintuwa ba iri ɗaya ba ce. Wata laushi gare ta, farce ma yana shiga jikinta. Wata kuma an gauraya ta da wasu ƙarafa tun a inda aka yi ta, ta yi tauri, in ka buga sai ta tsage. Sai mutum ya haɗa wannan da waccan har su daidaita. Ban taɓa auna komai a kan sikeli ba. Da farce nake gwadawa, da haƙori, sannan in saki guda a kan ƙarfe in saurari ƙararsa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan fiye da duk wani aiki da na taɓa yi. Ɗan Jimma ya dawo yana rantsuwa cewa harsashina ba ya kauce hanya, kafin wata biyu maganar ta kai maharban Roumbou. Ba a cika ba ni kuɗi ba, zabi ake kawo mini da zomaye, kuna cin nama kuna lasar hannu, ni kuwa kaina na ƙara girma.

To, amma wannan ba aikin da ake yi a fili ba ne. Maƙerata tana bakin hanya, jandarmomi da ma'aikatan gandun daji suna wucewa ta gabanta safe da yamma, wani lokaci har su tsaya mu gaisa. Na san wanda aka tafi da shi a kan abin da bai kai wannan ba. Sai na yi dabara irin ta mai ganin ya fi kowa wayo. Ranar kasuwa innarku tana ɗaukar daddawarta ta fita tun da hantsi, ku kuna lakwal wajen karatu, gida ya zama nawa. Sai in rufe ƙofar gida, in shiga madafinta, in ɗora kaskona a kan murhunta. In dalma ta narke akwai wani datti da ke tasowa sama, toka-toka, mai ɗan ƙyalli. Shi nake kwashewa da cokalin ƙarfe in zubar a cikin tokar murhu, in tura toka a kai don kada a gani. In na gama in share wuri, in mayar mata da tukwanenta yadda ta bar su.

Habsu tana da shekara uku a lokacin, ni ake bar wa ita ranar kasuwa. Ku ba za ku tuna irin bakin da take da shi ba. Yarinyar nan tana tashi da magana, ta kwanta da magana, har akuya sai ta yi wa faɗa. Tana zaune a gefena cikin hayaƙin nan tana tambayata mene ne wannan, me ya sa wancan. In harsasai sun huce sai ta jera su a ƙasa ta ce ƙwan tsuntsunta ne, ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki tana tsotsa. Ni da kaina nake cizon dalma, don haka ban ga abin tsoro ba, abin da kawai nake ce mata shi ne kada ta haɗiye. Dariya nake yi. Wannan dariyar ita ce abin da na fi tsana a duk rayuwata.

Abin da ban lissafa ba shi ne tokar. Namiji bai ɗauki toka a bakin komai ba, amma wurin innarku dukiya ce. Da ita take yin daddawar batso da aka san ta da ita. Takan kwashe tokar murhu ta tara a wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a kasko. Da ruwan tokar nan take dafa gurguzu, da shi take gyara miya in tsami ya yi yawa. Tun ina yaro nake ganin mata suna yin haka, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa abin da nake binnewa a murhu yana komawa cikin tukunya. Ta san ina wani abu a madafin, don ta sha cewa wurin na warin garaji, na ce mata aikin maza ne. Ba ta ƙara tambaya ba. Har yau ban san gidaje nawa daddawar wannan shekarar ta shiga ba.

Daga kaka zuwa bazara gidan ya canza. Dukanmu muna fama da ciwon kai da murɗar ciki, na ɗora laifin a kan ruwan rijiya. Ku da kuke manya, kuma kuna yini a waje, abin ya zo muku da sauƙi. Habsu ce ta fara ƙin abinci, tana riƙe ciki tana kuka, ga faɗa ba dalili. Maganarta ta riƙa raguwa. Wata rana da azahar tana wasa a tsakar gida sai ta faɗi tana shure-shure, idonta ya juye. Cikin makon nan innarku, da ke da ciki wata biyar, ta yi ɓari.

Nan ne Gwaggonku Zule ta tattaro kayanta ta dawo gidan don ta yi jinya. Yayata ce, ita ta goye ni bayan rasuwar uwarmu, kuma ina da furfura ma ban daina jin tsoronta ba. Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Mace ce da ba ta iya zama da abu ba tare da ta san wanda ya jawo shi ba. An yi rubutu, an yi turare, an kai sadaka, ba sauƙi. Sai ta tuna cewa innarku tana da wani kawu a Kornaka mai farfaɗiya. Daga ranar ta sami amsarta.

Da Habsu ta yi faɗuwa ta uku, ma'aikatan likitar garin nan suka ba ni takarda zuwa Maraɗi. Innarku ba ta iya tashi, don haka ni kaɗai na saɓa Habsu muka shiga mota. Lokotoron da ya duba ta matashi ne, mai magana a hankali. Ya ɗauki jininta, ya buɗe bakinta ya daɗe yana kallon dasashinta, sannan ya ce in buɗe nawa. Na buɗe ina mamaki. Bayan kwana biyu ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa.

"Maigida, mi ne sana'arka?"

Na ce ƙira.

"Kana taɓa batir? Kana narka dalma?"

Na ce ni dai haiwa da lauje na sani. Ya dube ni, na dubi bango.

"Ni ba jandarma ba ne," ya ce. "Ba na tambayarka don in kai ka ko'ina. Dalma ce cikin jinin ɗiyar ga, kuma akwai ta cikin naka. In tana gidanka, ka fitar da ita, da ƙasar wurin, da tokar, da duk abin da ya taɓa ta. Za mu ba ta magani. Amma abin da ya riga ya taɓu cikin kanta, ban yi maka alkawari shina dawowa ba."

Da ya ce toka sai na gane. A kan kujerar nan na ga komai, da murhun, da tukunyar mai huji, da ƙwan tsuntsu. Muka yi mako uku a can. A hanyar dawowa Habsu tana barci a ƙirjina, ni kuwa ina ta shirya yadda zan gaya wa innarku. Na shirya maganar tsaf tun kafin mu yi rabin hanya. Da muka shiga gida na tarar da tsakar gida cike da mata 'yan sannu, Yaya Zule a tsakiyarsu, innarku tana jingine da bango ta rame. Aka tambaye ni me lokotoro ya ce. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, bai gane komai ba, ya dai ba da magani.

Washegari na ɗauki diga na haƙe murhun innarku har ƙasa, na kwashe ƙasar da tokar a buhuna na kai bayan gari a kan amalanke na binne, tare da kaskona da mazubin babana. Tukunyar tokarta na fasa ta, na ce tuntuɓe na yi. Na gina mata sabon madafi a ɗaya kusurwar gidan, na ce gara ce ta shiga tsohon. Sauran dalmar na mayar wa Ɗan Jimma na ce na daina. Ya tambaye ni dalili har sau uku, na ce haka na ga dama. Ya ɗauka na raina shi ne, ya saɓa buhunsa ya tafi, bai sake taka maƙerata ba har ya mutu.

Faɗuwar Habsu ta ragu, daga baya ta tsaya, amma maganar ba ta dawo ba. Yarinyar da ke yi wa akuya faɗa ta koma sai kallo. Yaya Zule kuwa ta ci gaba da nata bayanin, tun tana yi a ɗaki har ta fara yi a fili. Ranar da ba na mantawa, da la'asar ce, maƙwabta biyu suna zaune ana sussukar gero, ni ina ɗaure tunkiya a gindin bishiyar bedi. Na ji Yaya Zule tana cewa ai tun ranar neman auren nan ta ce a bincika, ba a ji ba, irin wannan abin a jini yake, yanzu ga shi an kawo mana shi cikin zuri'a. Innarku ta ɗago kai ta dube ni. Kallon bai daɗe ba, amma na san jirana take yi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗaurin igiyar da na riga na gama ɗaurewa.

Kuna iya tambayata me ya hana ni. Da farko tsoron kaso ne, don maganar da ta shiga kunnen mata biyu ta shiga kasuwa. Amma bayan na binne kayan ba sauran abin da za a kama ni da shi, don haka kada in fake da wannan. Kunya ce, da girman kai. Ban iya jure a nuna ni a hanya a ce ga maƙerin da ya lalata 'yarsa da hannunsa saboda naman zabo ba. Na ga kamar ita za ta fi ni iya ɗauka, tun da mata sun saba da a faɗa musu magana. Haka na yi tunani, Allah Ya yafe mini.

Bayan an yanke gero innarku ta ce tana so ta je gida ta huta, za ta tafi da Habsu. Na ce to. Ku Gwaggo ta riƙe ku, ta ce kada ku bar lakwal. Kowa ya san abin da ya kamata miji ya yi, bayan 'yan makonni ya aika biko. Ban aika ba. In ta dawo sai in riƙa ganin wannan kallon kowace safiya, na fi son in zauna ni kaɗai. Watanni suka zama shekaru. Kuna zuwa wurinta da salla kamar baƙi, kuna zama nesa da Habsu, don an ce muku kada ku ci abinci a kwano ɗaya da ita. Ni na ji lokacin da aka gaya muku haka, ban hana ba. An yi ta kawo mini maganar aure na ƙi, mutane suna cewa ai Maƙeri bai manta da uwar 'ya'yansa ba. Gaskiyar ita ce ban iya ganin wata mace tana hura wuta a gidan nan. Da kuka girma kuka watse, Gwaggo ta koma gidan ɗanta, sai ya zama daga ni sai tabarmata. Na yi shekaru ina cin tuwon saye a ƙofar ɗaki, ba wanda zan ce wa gishiri ya yi yawa. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, kuma na san ni na saye shi.

Shekara goma sha tara da tafiyar innarku aka aiko cewa tana kwance. Na shiga mota na tafi Kornaka. Na same ta a rumfar ƙanenta, ta tsufa fiye da shekarunta, Habsu na zaune a gefenta tana yi mata fifita. Bayan gaisuwa na ce ina da maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Na fara daga buhun Ɗan Jimma, ina in'ina kamar yaro a gaban malam. Ba ta bari na yi nisa ba.

"Maigida, bar wahal da kanka, na sani. Tun randa ka haƙe murhuna ka kai ƙasar bayan gari na sani. A ina ka taɓa ganin gara ta ci murhu?"

Na ce to me ya hana ta faɗa, ta wanke kanta?

"In hwaɗa wa wa? In ce mijina ya kashe mini ciki ya ɓata mini ɗiya, a zo a tafi da kai, ɗiyana su tashi ana nuna su? Ni ba wannan nake so ba. So nike ka hwaɗa da bakinka. Ran nan da Yaya take magana, da ka ce mata ta bari kawai, ko ba ka hwaɗi dalili ba, da ban tafi ba."

Na yi kuka a gabanta, abin da ban yi ba ko ranar mutuwar babana. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta yafe mini abin da ya sami Habsu tun tuni, don ban yi da gangan ba. Abu ɗaya take roƙo, in je in gaya wa Yaya Zule, in gaya muku, don kada ta mutu 'ya'yanta suna ƙyamar jininta. Na yi mata alkawari da hannuna cikin nata.

Na dawo Dakoro na tafi wurin Yaya washegari. Na zauna, na tambaye ta ciwon gwiwarta, muka yi maganar tsadar gero, na tashi. Na koma bayan mako guda, haka. Na koma na uku, haka. Ku kuma na ce sai kun zo da salla, magana irin wannan ba ta waya ba ce. Innarku ta rasu saura kwana goma sha biyu salla. Kun zo kun yi zaman makoki, na zauna a tsakaninku kwana uku ina karɓar gaisuwa, ban ce komai ba. Bayan shekara biyu Yaya ta bi ta, tana nan a kan abin da ta sani.

Habsu tana wurina tun bayan arba'in ɗin innarku. Ita ke share gida, ita ke kawo mini ruwan alwala. Kalmominta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Muna yini a tsakar gida, ni da ita, ba mai cewa uffan. Na gaya mata komai wata rana, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tashi ta je ta ba awaki ruwa. Ban san abin da ta ɗauka ba.

Saboda haka ku ji da kyau. Ba wani ciwo a jinin innarku, ba wani abu a zuri'arsu da za ku ji tsoro a kan 'ya'yanku. Ni na ba ƙanwarku guba, ni na zubar da cikin innarku, ni na tsaya ina kallo aka ɗora mata. Ba na so ku karanta wannan ku ninke ku sa a akwati, kuma ba na so ku jira sai na mutu. Kawunku yana da rai a Kornaka, 'yan'uwan innarku mata biyu suna da rai. Ku zo ku ɗauke ni da Habsu, a tara su a rumfar nan, a kira maƙwabta. Sani, kai ne babba, kai za ka karanta da ƙarfi, don na gwada bakina sau da yawa na san ba ya iyawa. Ni zan zauna a tsakiya inda kowa zai gan ni. Ba sai salla ba, kuma ba sai an gama aikin gona ba. Na ba da rigata an wanke, ina nan ina jiranku.